Ruwan da Na Hana Maigidana

Aikin jinya a soja na koye shi, kuma ba ni na zaɓa ba. Wata safiya aka jera mu, wani saje ya bi layi yana cewa kowa ya miƙa hannuwansa. Ya ga nawa ba sa rawa, sai ya ce daga yau asibitin bariki zan riƙa zuwa. Da aka gama yaƙi aka sallame mu ban koma garinmu ba, don babu wanda zan tarar a can. Jirgin ƙasa ya sauke ni a Ibadan da akwatina na ƙarfe, wani ɗan dako ya nuna mini hanyar Sabo, inda Hausawa suke.

A Sabo ta wancan zamani baƙo ba ya zama haka kawai, sai yana da maigida. Nawa dillalin goro ne, mutum mai jiki da ƙaramar murya, wanda fatake daga Arewa ke sauka a gidansa. Ya ba ni ɗaki kusa da ɗakin ajiyar goro, har kayana suka ɗauki ƙanshin ɗanyen ganyen da ake lulluɓe goro da shi. Shi ya yi mini hanya na sami aiki a wani asibiti cikin gari, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar da na yi aure. Mutanen unguwa suna kirana Kofur, idan kuma suna son tsokana su ce likitan Sabo. Ba na musu, ko da yake a asibiti har tasar amai ni ke wankewa.

Amma mai riƙe da gidan a gaskiya yayarsa ce, wadda kowa ke kira Gwaggo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke kula da tukunyar da ke ciyar da fatake. Tun kafin in yi aure ta ɗauke ni ɗa. Idan an zubo tuwo, a ƙarƙashin nawa nake samun tsokar da ba ta cikin na kowa. Tana da wani aikin kuma da ba a biya. Duk gidan da rai ya zo fita, ita ake aika wa. Ta zauna kusa da masu mutuwa da yawa, ta san yadda ake juya mutum ya fuskanci alƙibla, ta san lokacin da ake ɗiga masa ruwa a baki da auduga ana tuna masa kalmar shahada, ta san yadda ake ɗaure haɓa idan an gama. Tana da 'yar kwalba ta ruwan Zamzam da wani alhaji ya kawo mata, a naɗe cikin tsumma a ƙasan adakarta. Wannan ba ta fita da ita gidan kowa. Ta ce ta 'yan ɗakinsu ce, su biyu da suka rage, ita da Maigida.

Maigida yana da gwaiwa tun yana saurayi, lokacin da yake ɗaukar kwandunan goro a ka. Shekara da shekaru yana ɗaure ta da ɗamara yana harkarsa. Cikin wata damina, a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, ta fara maƙalewa. Sai ta fito ta ƙi komawa, ya kwanta yana gumi har ta ga dama. Na ga irin wannan a asibiti, na kuma san yadda take ƙarewa idan wata rana ta ƙi komawa gaba ɗaya. Na sa shi gaba da maganar a yi masa tiyata, safe da yamma.

Duk Sabo ba wanda ya goyi bayana. Wanzami ya ce a ba shi lokaci. Abokan Maigida na ƙofar masallaci suka ce asibiti feɗe mutum ake yi kamar rago. Abin da ya fi ba su tsoro ma ba wuƙar ba ce, banju ne, wato maganin da ake ɗiga wa a ƙyalle a rufe wa mutum hanci da baki har ya fita hayyacinsa. Suka ce mutumin da aka kashe da rana tsaka, wa ya ba da tabbacin zai dawo? Gwaggo kuwa ta daina kallona idan ta miƙo mini kwano.

Ranar da Maigida ya amince, bayan sallar la'asar ce, muna zaune a zaure. Ya sallami yaran da ke tsince goro, ya matso da buzunsa.

"Kofur, na yarda. Amma da sharaɗi."

"Ina ji, Maigida."

"An ce wanda aka shaƙa wa abin nan yana sakin baki. Duk abin da na faɗa, ka bar shi inda ka ji shi."

Na ce wannan ko bai roƙa ba doka ce ta aikinmu.

"Na biyu, ka tsaya a kaina. Idan ka ga abin ya juya, kada ka bar ni in tafi da busasshen maƙogwaro, ba salati, a hannun mutanen da ba su san yadda ake yi ba. Ka yi mini abin da ake yi wa Musulmi."

Na ɗauki alkawari. A lokacin ban ga wata wahala a cikinsa ba.

A asibitinmu babu wani ɗaki na musamman da ake ajiye wanda aka yi wa tiyata har ya farfaɗo. Daga ɗakin tiyata ana turo shi kai tsaye zuwa gadonsa a ɗakin maza, a ja labule, a zaunar da ma'aikaci guda a kansa. Shugabar ɗakin, wadda muke kira Sista, Bayarabiya ce doguwa mai kaifin ido. Ita ta sake koya mini wannan aikin daga farko, don ta ce na soja garaje ya yi masa yawa. Dokarta ta fari ita ce ba a tashi. Ko rufin asibiti ya kama da wuta, ta ce, ka ja gadon ka fita da shi, amma kada ka bar mai banju shi kaɗai. Likita ya gama nasa ya wanke hannu ya tafi shan shayi, ran mutum kuwa yana hannun wanda ke zaune a kan kujera.

Aikin ba shi da ado. Ana kwantar da mutum a gefensa, ba matashi, don idan amai ya zo ya zubo waje. Ana sa yatsu bayan muƙamuƙinsa a turo haɓar gaba, don harshen mai banju yakan saki ya faɗa baya ya toshe hanyar numfashi. Ana lura da bugun jijiya a wuyan hannu, a duba cikin leɓe da farce ko sun fara duhu, a leƙa bandeji ko jini na ɓullowa. Sai babbar doka, wadda na fi jin ta a bakin Sista fiye da gaisuwa: ba a sa komai a bakinsa. Mai banju ba ya haɗiya. Ruwan da ka zuba masa don tausayi ba ciki zai nufa ba, huhu zai gangara, mutum ya shaƙe a kan busasshen gado, ko ya tashi da ciwon ƙirjin da zai ɗauke shi bayan kwanaki.

Da na roƙi a ba ni zaman Maigida, Sista ta ƙi. Ta ce ba a ba mutum jinyar nasa, don hannu yakan yi rawa. Na ce mata mutumin nan Yarabancinsa na ciniki ne kawai, idan yana farfaɗowa ya ji ana yi masa wani harshe zai zabura ya farke ɗinkin. Ta dube ni ta ce, "Kai Gambari, bakinka ya fi aikinka." Haka Yarabawa ke kiran Bahaushe. Amma ta sa ni a kujerar.

Da hantsi aka turo shi. Warin banju ya riga gadon shigowa, wari mai zaƙi-zaƙi da ke kama tufafi har gida. Muka ɗauke shi muka kwantar a gefensa na dama, don a hagu aka yi aikin. Na cire matashi, na ajiye tasa da tawul kusa da bakinsa, na ja labule, na zauna na kama muƙamuƙinsa. Sista ta taɓa jijiyarsa ta gyaɗa kai, sannan aka kira ta ɗakin tiyata don mutum na gaba.

Ban taɓa ganin Maigida ba hula ba sai ran nan. Kansa ya yi ƙanƙanta, ga furfura da ban san yana da ita ba. Idanunsa a buɗe kaɗan, fari kawai ake gani. Numfashinsa yana fita da ƙara, wani gurnani mai kauri daga maƙogwaro. Na saba da wannan ƙarar, na ji ta a bakin mutane da yawa da suka tashi suka koma gidajensu da ƙafarsu. Duk da haka a bakinsa ta yi mini wani iri. Ana ta yayyafi a kan kwanon rufi, ɗakin shiru in ban da wani tsoho da ke tari a can ƙarshe.

Ban ji shigowarta ba. Labule kawai na ga ya motsa, sai ga Gwaggo, mayafinta a jiƙe, takalmanta a hannu. Tun asuba ashe take zaune a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta bakin asibiti. Ba lokacin ziyara ba ne, kuma har yau ban san yadda ta wuce mai gadi ba. Gwaggo dai idan ta nufi wuri, ƙofa ba ta cika tsayar da ita ba.

Ta tsaya tana kallonsa. Na ga idonta ya bi jikinsa a hankali, ya tsaya a hannuna da ke riƙe da haɓarsa, ya koma kan taga. Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa kawowa a raina ba duk shekarun da na yi a ɗakin. Gadajen wannan layin, idan ka kwantar da mutum a damansa, gabas yake fuskanta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta faɗa a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye takalman, ta kwance bakin zanenta, ta fito da kwalbar nan da ɗan curin auduga.

"Gwaggo, barci yake yi. Maganin ne bai sake shi ba."

"Kada ka ruɗe ni, ɗan nan. Ni za ka koya wa gargara? Ka juya shi alƙibla, ka riƙe masa haɓa, sannan ka ce mini barci? Allah ya yi maka albarka da ka yi masa wannan. Matsa in ƙarasa."

Ba zan ce ta yi wauta ba. Duk abin da idonta ya nuna mata gaskiya ne, kuma ta fi ni sanin mutuwa nesa ba kusa ba. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, na ce harshe ne ke faɗawa baya, na ce ba ya iya haɗiya. Tana saurare tana cire toshiyar kwalbar da haƙori. Ta jiƙa audugar sosai har tana ɗiga a yatsunta.

Daidai nan numfashin Maigida ya tsaya.

Ƙirjinsa ya ɗaga ya kafe, cikinsa yana motsi amma iska ba ta shiga. Na buɗe leɓensa, na ga cikin ya fara duhu. A zuciyata na ce, to idan ita ce da gaskiya fa? Idan tafiyar ce ta zo, ga ruwan da ya roƙa a gabansa, ga 'yar'uwarsa, ni kuma da na yi alkawari na tare hanya? Ban manta da muryarsa a zaure ba. Amma yatsana guda yana kan jijiyar wuyansa, kuma tana bugawa da ƙarfi, a cike, ba irin ta mai tafiya ba. Na san abin da ke zuwa. Amai ne.

Gwaggo ta sunkuyo da audugar. Hannuna na dama yana kan muƙamuƙi, ba halin saki. Na miƙa na hagu na kama wuyan hannunta na riƙe.

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane girman wannan ba. Matar da ko inuwarta ba na tsallakawa, wadda nake durƙusa wa kowace safiya, ita na damƙe kamar na kama ɓarawo a kasuwa. Hannunta siriri ne, duk ƙashi, ruwan Zamzam yana bin yatsuna yana gangarawa gwiwar hannuna.

"Sake ni."

"Ki gafarce ni, Gwaggo. Ba zan sake ba."

"Zamzam ne fa. Zamzam kake hana shi?"

"Ko ɗigo ɗaya ya shiga, shi zai kashe shi."

Ta dube ni cikin ido, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, "Kai ka kawo shi nan. Idan ƙanena ya tafi da ƙishirwa, ban yafe maka ba, duniya da lahira."

Sai ga aman ya zo. Na saki hannunta, na karkato kansa ƙasa, na tara tasa, na naɗe yatsa da tawul na share cikin bakinsa har kurya. Na sake turo muƙamuƙin da dukkan ƙarfina. Ya yi wani dogon ja kamar an buɗe bakin salka, iska ta shiga. Ta sake shiga. Na zuba wa leɓensa ido har jan ya dawo. Sai da na tabbata sannan na ji rigata ta manne a bayana da gumi.

Gwaggo tana nan tsaye, audugar a hannunta. Tana iya sake gwadawa, kuma ban san ko zan iya sake riƙe ta ba. Sai na ce mata, "Gwaggo, salatin ba wanda ya hana ki. Kunne ne ke fara dawowa kafin komai. Ki zo ta nan ki yi masa magana, muryarki zai fi ganewa."

Sai ta zagayo ta durƙusa a ƙasa, bakinta kusa da kunnensa. Ta yi kalmar shahada, ta maimaita, ta yi salati. Daga nan ta fara kiransa da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da uwarsu ke kiransa yana yaro. Ba zan rubuta shi ba. Tana kira tana ba shi labarin garinsu, da rijiyar bayan gida, da wata akuya da ta taɓa tunkuyinsa. Ni ina riƙe da haɓa, ita tana riƙe da kunne, ba mai kallon wani.

Haka Sista ta dawo ta same mu. Shigar da baƙo bayan labule laifi ne da zai iya raba ni da aikina, na kuma san ta san na sani. Ta dubi Gwaggo, ta dubi kwalbar, ta dubi tasar. Ta tambaye ni da Turanci ko an sa masa wani abu a baki. Na ce a'a. Ta kama wuyan hannunsa ta ɗan jima, ta leƙa bandejin. Sannan ta ɗauki kwalbar da hannu biyu, ta mayar da toshiyar, ta ajiye ta a kan taga inda kowa ke gani. Ta jawo wata kujera ta ce, "Mama, e joko," wato ki zauna. Faɗan da ta yi mini daga baya a ofishinta kuwa, har mai shara sai da ya tausaya mini. Ta ce aikina ne in kira mai gadi tun shigowar tsohuwar, ba in tsaya kokawa da hannu guda ba. Ban yi gardama ba. Amma ba ta kai maganar gaba ba.

Wajen azahar na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiyi yawu. Wannan ita ce alamar da muke jira. Na sassauta hannuna a hankali, harshen bai faɗa ba. Yatsuna sun ƙage, sai da na buɗe su da ɗaya hannun. Ya fara sambatu, ya faɗi abubuwa, wasu na dariya, wasu ba na dariya ba. Suna nan inda na ji su. Daga bisani ya buɗe ido ya dube mu kamar bai san mu ba, ya motsa leɓe.

"Ruwa."

Gwaggo ta miƙe ta nufi taga. Na ce, "Maigida, ka ɗan ƙara haƙuri. Cikinka bai tashi ba tukuna, idan ka sha yanzu amai zai dawo ya ja ɗinkin."

Ya lumshe ido ya ce, "Kofur, ashe kai mugu ne."

Na ce na yarda. Na nuna wa Gwaggo yadda za ta matse audugar sosai ta shafa masa a leɓe kawai. Ta yi yadda na ce, ba ta dube ni ba. Sai da la'asar ta yi sanyi Sista ta ba da izini, Gwaggo ta zuba masa cokali guda daga kwalbar, ya haɗiye, ya zauna a cikinsa. Ta toshe sauran ta ɗaure a bakin zane.

Maigida ya warke sarai. Ya koma zaurensa yana nuna wa abokansa na ƙofar masallaci inda aka ɗinke, yana ba da labarin banju kamar wanda ya je wata ƙasa ya dawo. Cikinsu har da waɗanda suka biyo ni a ɓoye suna tambaya ko akwai sauran gado. Bai san abin da ya faru bayan labulen ba, don ni ban faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Tsakanina da Gwaggo kuwa abin bai gyaru da wuri ba. Ina durƙusawa in gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Idan an aiko mana da tuwo daga babbar tukunya, matata takan juya shi da kyau ta ce, "Yau ma babu." Tsokar ta ɗauke. Abin ya dame ni ƙwarai, fiye da yadda na nuna. Na aika mata da turmin atamfa da sallah, ta karɓa ta yi godiya ta bakin yarinya. Na san ba rashin gane gaskiya ba ne. Ta ga ƙanenta yana yawo da ƙafarsa. Hannun da na riƙe ne bai saki ranta ba, ni ma da na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Da za a sake, haka zan sake yi, amma wannan bai rage nauyin ba. A hankali dai gaisuwar ta ɗan tsawaita, har takan tambayi lafiyar yara. Maganar ranar kuwa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Shekaru suka wuce, wajen ƙarshen shekarun hamsin ɗin, Maigida ya kwanta da wani ciwo dabam, na tsufa da zuciya. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Likita ya duba shi ya ce a mayar da shi gida, na kuwa san ma'anar hakan. Wata ranar Juma'a da hantsi ina gyara kekena zan tafi aiki, aka ce Gwaggo tana kira.

Na sami Maigida a ɗakinsa a kan gado, matansa da 'ya'yansa sun cika tsakar gida. Gwaggo kaɗai ce a ciki. Ba ta juya shi ba, ba ta taɓa komai ba. Numfashinsa yana fita da ƙara, idanunsa a buɗe kaɗan. Matar da duk Sabo ke kira don ta san wannan lokacin, tana zaune hannuwanta a kan cinya tana jirana.

"Kofur," ta ce, "duba mini. Wanne ne?"

Na durƙusa na kama wuyan hannunsa. Jijiyar siririya ce kamar zare, tana zuwa tana ɓacewa. Farcensa ya yi duhu, ƙafafunsa sun yi sanyi har gwiwa. Na turo muƙamuƙinsa gaba don in tabbata, ƙarar ba ta canza ba. Na daɗe ina riƙe da shi fiye da yadda ake bukata, don ba na son in faɗa.

"Gwaggo, wannan ba barci ba ne."

Ta gyaɗa kai. Muka juya shi tare a damansa, ya fuskanci gabas. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalbar, tsumman ya ƙara tsufa, ruwan ya rage kaɗan a ƙasa. Ta cire toshiyar da haƙori, ta jiƙa audugar. Na matsa baya don in ba ta wuri. Sai na ji ta kama wuyan hannuna na hagu, ta buɗe tafin, ta sa audugar a ciki.

"Ya gaya mini alkawarin da ka yi masa," ta ce. "Kai ka hana shi, kai za ka ba shi."

Ta koma kusa da kunnensa ta fara kalmar shahada. Na matse audugar a gefen bakinsa, ɗigo bayan ɗigo. Hannuna yana rawa.